Farfesa Fleming da Darasin Garki kan Ciwon Sikila

'Yan uwa, tun kafin gwajin jini gabanin aure ya zama ruwan dare a Jos, akwai masanan da suka share fage. Cikinsu har da Farfesa Alan Fleming, likitan jini ɗan Birtaniya, wanda ya yi aiki a Ibadan, daga baya ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, da ke Jihar Jigawa a yau. Fleming da abokan aikinsa suka auna jinin mazauna yankin, suka fitar da sakamako a 1979. Sun gano kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da AS, kuma kusan jarirai biyu cikin ɗari ana haihuwarsu da SS. Amma da wuya a samu mai SS cikin manya, domin yawancinsu suna rasuwa tun suna ƙanana. Masu AS kuwa sun fi jure wa zazzaɓin, shi ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasarmu.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Don haka iyaye, a je asibiti a yi gwaji tun kafin a sa rana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.