Sojojin Gurka: Sunan da Aka Saya da Jini

Nepal ƙasa ce ta duwatsu, tsakanin Indiya da Sin. Yawancin mutanenta manoma ne da makiyaya, kuma tun suna yara sukan saba da hawan tudu da kaya a baya. Daga cikinsu ne aka sami sojojin da duniya ta sani da sunan Gurka. An samo sunan daga garin Gorka, inda Sarki Piritbi Narayan Shah ya taso ya ci Katmandu a shekarar 1768, ya haɗa ƙananan masarautu suka zama ƙasa ɗaya.

Turawan Ingila sun fara sanin mutanen nan ne a matsayin abokan gaba. A shekarar 1814 yaƙi ya ɓarke tsakanin Nepal da kamfanin Turawa mai mulkin Indiya. A tudun Nalapani, wani jarumi mai suna Balbadara Kunwar ya tsaya da mutum wajen 600 a gaban rundunar da ta fi su yawa ƙwarai. Janar Gilesfi, shugaban rundunar Turawa, a nan ya mutu. Sai da Turawa suka datse musu ruwan sha sa'an nan waɗanda suka ragu suka bar ganuwar, ba kuwa tare da sun miƙa wuya ba. Turawa suka ga irin wannan namiji gara ya zama naka. Tun 1815, kafin ma a ƙulla sulhu a 1816, suka soma ɗaukarsu aikin soja.

Abin da aka fi sanin Gurka da shi shi ne wuƙarsu mai lanƙwasa, wadda suke kira kukuri. Ana ta baza labari cewa ba a mayar da ita kube sai ta sha jini. Wannan ƙari ne kawai. A gida da ita suke saran itace, da ita suke yanka nama, kamar yadda manomi yake yi da addarsa. Amma labarin ya yi wa Ingila amfani, gama tsoro yakan riga soja isa fagen fama.

Mutanen Nepal wajen 200,000 ne suka yi aiki a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na fari a cikinsu da ya sami lambar Biktoriya, wato babbar lambar jaruntaka ta Ingila, shi ne Kulbir Tapa. Abin lura shi ne, ceton rai ne ya jawo masa ita. A Faransa, cikin Satumba 1915, shi kansa da rauni a jiki, ya iske wani Bature kwance kusa da ramin Jamusawa. Ya zauna tare da shi yini da kwana. Da asuba, cikin hazo, ya ɗauke shi ya ɓoye, ya koma ya kwaso 'yan'uwansa Gurka biyu ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya dawo da rana tsaka ya goyo Baturen, harsashi yana ta zuba.

A Yaƙin Duniya na Biyu ne hanyarsu ta gamu da ta kakanninmu. Sojojin Afirka ta Yamma, har da Hausawa da yawa, sun yi yaƙin Bama da Japanawa. A 1944 bataliyoyin Nijeriya da na Gurka suna cikin rundunar da aka kai can bayan abokan gaba cikin kurmi. Damina ɗaya ta doke su, zazzaɓi ɗaya ya kama su. A Bama ɗin ne, cikin Mayu 1945, Laciman Gurung ya jefar da gurneti biyu da aka wurgo cikin raminsa, na ukun ya fashe a hannunsa na dama. Da hannun hagu kaɗai ya riƙe bindiga har awa huɗu. Da gari ya waye aka ƙirga gawa 31 a gaban raminsa. Duka duka, sojojin Gurka 13 ne suka sami lambar Biktoriya.

To, amma kirari ba ya cika tukunya. Talauci ne ya fitar da yawancin samarin nan daga ƙauyukansu, dubbai kuwa ba su koma ba. Da Indiya ta sami 'yanci a 1947 aka raba rundunoninsu, shida ga Indiya, huɗu ga Ingila. Shekara da shekaru fanshon tsohon sojan Gurka bai kai ko kusa da na Bature abokin aikinsa ba. Sai a 2009, bayan doguwar gwagwarmaya, Ingila ta yarda waɗanda suka bar aiki kafin 1997, in sun yi shekara huɗu, su zauna a ƙasarta. Tsofaffin sojojinmu na Bama sun san irin wannan ɗaci.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da Uriya Bahitte, baƙon da ya yi wa Sarki Dawuda yaƙi da aminci, aka sāka masa da mugunta, Ubangiji kuwa bai kau da kai ba. Wanda ya ci moriyar jaruntakar wani, akwai bashi a wuyansa. In kuma za a ba yara labarin Gurka, a fara musu da Kulbir Tapa, wanda ya kwana a bakin mutuwa domin wani da ba danginsa ba.