Abin da Jakar Wasiƙu Ba Ta Faɗa

A watan Satumba na 1773 wani ma'aikacin gwamnatin Ingila mai suna Hugh Finlay ya fara rangadin da ya ratsa Falmouth, can arewacin Amurka, da Savannah a kudu, bai kammala ba sai a watan Yuni na 1774. A lokacin Amurka tana ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Aikinsa shi ne ya duba gidajen waya da mahaya dawakin da ke ɗaukar wasiƙu daga gari zuwa gari, ya rubuta abin da idonsa ya gani.

Tun 1673 aka fara tura mahayi tsakanin New York da Boston, sau ɗaya a wata. Dokar da majalisar Ingila ta zartar a 1710 ta mallaka wa gwamnati ita kaɗai sana'ar ɗaukar wasiƙa don kuɗi. Yawanci wanda aka aika wa ne ke biya, gwargwadon nisan tafiya da yawan takardun.

Da aka naɗa Benjamin Franklin da William Hunter su shugabanci harkar a 1753, sai suka gyara lissafi. Kowane gidan waya ya riƙa amfani da tsarin rubutu iri ɗaya, a san abin da ya shigo da abin da ya fita. Franklin ya zaga hanyoyin da kansa, daga baya ya sa mahaya tafiyar dare tsakanin Filadelfiya da New York. Har harkar ta fara kawo wa Landan riba.

To amma littafin lissafi abin da ke cikin jaka kawai ya sani. Da zarar mahayi ya fita ƙofar gari, daga shi sai dokinsa. Abin da Finlay ya tarar ke nan: mahaya suna karɓar wasiƙu a hannu su soke kuɗin a aljihu, suna ɗaukar kayan mutane, suna tsayawa isar da saƙonnin kansu, jakar gwamnati kuwa tana jira. A takarda komai daidai, a kan hanya labari ya sha bamban.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mahayi ba zai ci wannan kasuwa ba sai da yardar jama'a. Kuɗin gwamnati ya yi musu tsada, kuma da yawa sun fara kallonsa a matsayin harajin da aka ɗora musu ba da shawararsu ba. Finlay ya lura cewa ba mai son ya tona asiri, don duk wanda ya kai ƙara zai zama abokin gabar gari.

A 1774 Landan ta kori Franklin. A shekarar kuma wani mai buga jarida, William Goddard, ya fara kafa gidan waya na 'yan ƙasa. Ranar 26 ga Yuli, 1775, majalisar 'yan gwagwarmaya ta ɗora Franklin a kan sabon tsarin, kafin ƙarshen shekarar na Ingila ya rufe.

Mu da muke rubuta manhaja mun san wannan ciwon. Allon waya zai nuna maka kayanka suna hanya, amma abin da aka shigar masa kawai yake maimaitawa. Finlay ya yi wata tara yana bin sawun mahaya, ya gano inda kuɗin ke zurarewa. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne, masu wasiƙun sun fi amincewa da mahayin da suka sani a kan hukumar da ta aiko shi.