Daga Ina "Halo" Ta Samo Asali?

Waya ta yi ƙara kina tsakiyar tuƙin tuwo, kin goge hannu kin ɗauka, sai ki ce "halo". To, me kika ce ke nan?

Kalmar Turanci ce, kuma asalinta ba gaisuwa ba ce. Kafin a ƙirƙiro tarho, Turawa kan yi amfani da ita ne wajen ƙwala wa na nesa kira, ko nuna mamaki, kamar dai yadda za ki leƙa ta katanga ki ce, "Ke, maƙwabciya!"

A shekarar 1876 ne Alexander Graham Bell ya yi rajistar tarho a Amurka. Sai aka rasa abin da za a fara ce wa mutumin da ba a gani. Shi Bell ya so a riƙa cewa "ahoy", irin kiran matuƙan jirgin ruwa. Amma Thomas Edison, wanda ya yi suna a kan ƙwan lantarki, ya rubuta wasiƙa a 1877 yana ba da shawarar "hello", don ana jin ta ko daga nesa. Tasa ce ta karɓu.

Mata kuwa sun taka rawa wajen yaɗa ta. A wancan zamani ba a buga lamba kai tsaye, sai an kira ofishin waya, ma'aikaci ya haɗa mutum da wanda yake nema. Da farko samari aka ɗauka, suka dinga yi wa masu kira rashin kunya. A 1878 aka ɗauki Emma Nutt a birnin Boston, mace ta farko a wannan aiki. Kafin a jima mata suka mamaye shi, har ana ce musu 'yan matan halo. A 1918 rundunar sojan Amurka ta kai fiye da 200 daga cikinsu Turai, suna haɗa waya lokacin yaƙin duniya na farko.

Wataƙila kin ji ana cewa wai Hello sunan budurwar Bell ne. Ba gaskiya ba ne. Matarsa Mabel ce, kurma ce ma, kuma kalmar ta girmi tarho.

Da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, halo ta shiga har ƙuryar ɗaki. Ki lura, in sabis ya yi rauni mukan ce, "Halo, halo, kina ji na?" Ashe aikinta na asali ke nan.

Saboda haka, 'yar'uwa, halo ƙwanƙwasa ƙofa ce kawai. In kin kira uwar miji ko wani babba, yi sallama, faɗi ko ke wace ce, ki gaishe su yadda za ki yi in kin durƙusa a gabansu. Tsoron ƙarewar kati kada ya sa a ce ba ki da ladabi. Ki koya wa yara ma haka, don su ne ke rige ki ɗaukar wayar.