Tarihin Resistar Waya Da Maganaɗisun Da Ke Ɓoye A Cikinta

Duk wanda ya taɓa kwance amfilifaya ko ya leƙa cikin akwatin lasifika ya san wata farar resista mai kusurwa huɗu kamar guntun alli, an rubuta 5W a jikinta. Resistar siminti muke ce mata. In ka fasa ta, abin da za ka tarar siririyar waya ce an nannaɗe ta a jikin ɗan tangaran. Wayar ƙarfe fa nake nufi, ba wadda kake karanta wannan rubutu da ita ba.

To ga inda gizo ke saƙar: duk wayar da aka nannaɗe ta zama koyil, ko mai ƙera ta ya so ko bai so ba. Wuta na bi ta cikinta, maganaɗisu ya tashi. A 1831 Michael Faraday na Ingila ya gano cewa in maganaɗisu ya canja kusa da waya, sai ya haifar da wuta a cikinta. A 1832 Joseph Henry na Amurka ya nuna cewa koyil ma kan yi wa kansa haka, wato yana turje wa duk wani canjin wuta da ke ratsa shi. Wannan turjiyar ce Oliver Heaviside ya raɗa wa suna indaktans a 1886, kuma da sunan Henry ake auna ta har gobe.

In wutar batir ce mai tafiya sannu ba canji, babu ruwanka da wannan. Amma masu awon layukan tangarahu na wancan zamani akwatunan resista na waya suke aiki da su, kuma da zarar an kunna ko an kashe wuta sai allurar mita ta yi tsalle, awo ya rikice. Dabarar farko mai sauƙi ce. A ninka wayar biyu daga tsakiya, sannan a naɗa ta a haka. Wuta ta tafi ta ɓari ɗaya ta dawo ta ɗayan, maganaɗisu biyun su cinye juna. Ta yi aiki a ƙananan resista. A manya kuwa sai aka gudu ba a tsira ba, domin farkon doguwar wayar da ƙarshenta suna manne da juna, duk boltej ɗin yana tsakaninsu, sai abin ya koma yana halin kafasita.

Maganin da ya dawwama yana ɗauke da sunan mutum biyu, William Ayrton da John Perry. Malaman injiniya ne daga Birtaniya, sun koyar tare a kwalejin injiniya ta Tokyo a ƙasar Japan, Ayrton ya isa can a 1873, Perry a 1875, daga baya suka ci gaba da aiki tare a Landan suna ƙera na'urorin awon lantarki. A naɗin Ayrton da Perry waya biyu ake amfani da su. Ɗaya a naɗa ta dama, ɗayar a naɗa ta hagu a kanta, sannan a haɗa kawunansu wuri ɗaya, ƙarshensu ma wuri ɗaya. Wuta ta rabu biyu, rabi na kewayawa ta nan, rabi ta can, maganaɗisu ya mutu. Kuma duk inda wayoyin suka gitta juna boltej ɗinsu ɗaya ne, don haka matsalar kafasita ba ta taso ba. Sai dai akwai kuɗin shiga: tunda an haɗa su gefe da gefe, dole kowace ta ninka om ɗin da ake so, kenan wayar da za a ci ta ninka huɗu. Shi ya sa take tsada. Har yanzu kamfanoni na yin ta. A kayan Vishay Dale, misali, RH naɗin talaka ne, NH kuma shi ne marar indaktans.

Ka lura, duk wannan don ɗakin awo aka yi, ba don kiɗa ba. Daga baya ne masu kayan sauti suka gaje shi, wasu har suka mai da shi abin taƙama, wai in ba irin wannan resista ba sauti ba ya fita tas. Mu yi lissafi mana. Ƙarshen jin kunnen ɗan Adam wajen haz 20,000 ne. A nan, maikurohenri ɗaya na indaktans turjiyarsa kusan om 0.13 ce kacal. Ka ajiye wannan kusa da lasifika mai om 8. Sannan koyil ɗin babbar lasifikar kanta yakan kai ɗaruruwan maikurohenri. Abin dariyar ma, amfilifaya da yawa da gangan ake saka musu ɗan koyil a bakin fitar sauti, wani lokaci a jikin resista ake naɗa shi, don ya kare su daga doguwar kebul. A ganina wanda ya ce kunnensa na bambance resistar siminti da mai tsada a cikin akwatin lasifika, kuɗin da ya kashe ne ke masa magana.

Amma kar a ce ba ta da rana. Tiransista ba kunne ba ce, tana aiki har miliyoyin haz, inda wannan maikurohenri ɗayan ya haura om 6. A can ƙaramin indaktans na iya sa amfilifaya ta shiga kaɗawa da kanta, kai ba ka jin komai, ita kuwa tana zafi har ta ƙone. Akwai resista, galibi mai om 10, haɗe da ƙaramar kafasita a bakin fita, da ake kira Zobel, daga sunan Otto Zobel injiniyan kamfanin tarho na Bell. Aikinta kenan hana wannan kaɗawar. In ta ƙone kar ka maye ta da ta waya mai naɗin talaka, nemi ta fim. Haka resistar da ke auna wuta a cikin caja da fawa saflai masu kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa.

Mu masu gyaran wayar hannu kuwa ba ma haɗuwa da resistar naɗi ko kaɗan. Waɗancan ƙananan baƙaƙen resistoci da ke kan bod, waɗanda iskar hita ke hurewa su ɓace, ɗan shafe ne siriri a kan tangaran, an daidaita om ɗinsa da hasken leza.