Baƙi Sun Dawo, Masu Gida Na Jira: Nazarin Yawon Buɗe Ido da Sake Gina Lahaina Bayan Gobarar 2023

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci karon da aka yi tsakanin harkar yawon buɗe ido da buƙatar matsuguni a tsibirin Mawi na jihar Hawayi ta Amurka, bayan gobarar da ta cinye garin Lahaina ranar 8 ga Agusta, 2023. An dogara da rahotannin hukumomi, da dokokin da aka zartar, da binciken masana tattalin arziki na Jami'ar Hawayi. Nazarin ya gano cewa tushen jayayyar shi ne gidajen kwana, domin baƙo mai hutu da wanda gidansa ya ƙone ɗaki ɗaya suke nema.

Gabatarwa

Lahaina tsohon gari ne a gaɓar yammacin Mawi. Shi ne fadar masarautar Hawayi kafin a mayar da ita Honolulu a 1845. Daga baya ya zama garin noman rake, sannan ya koma matattarar masu yawon shaƙatawa. A gobarar 2023 wuta ta hallaka mutum 102, ta lalata gine-gine fiye da 2,200, mafi yawansu gidajen zama ne. An ƙiyasta asarar a kan dala biliyan 5.5, kuma Amurka ta shafe sama da shekara ɗari ba ta ga gobarar daji da ta ci rayuka haka ba. Kimanin mutum 12,000 suka wayi gari ba wurin kwana.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: idan tsibiri da baƙi yake ci, yaushe ya dace a sake buɗe musu ƙofa bayan annoba, kuma wa zai ɗauki nauyin hakan?

Yadda wutar ta sami abin ci

Gobarar tana da tarihi. Kamfanonin rake sun daɗe da karkatar da ƙoramun yammacin Mawi zuwa gonakinsu, har aka cike tafkin da ke kewaye da tsohon mazaunin sarakuna, Mokuʻula, a 1914. Da masana'antar sukari ta Pioneer Mill ta daina aiki a 1999, sai gonakin suka zama saura. Ciyayin da aka kawo daga Afirka don kiwon shanu suka mamaye su, masu tsiro da sauri in an yi ruwa, su bushe ƙayau da rani.

A ranar da abin ya faru, guguwar Dora tana wucewa can kudu da tsibiran, iska mai ƙarfi kuma tana gangarowa daga tsaunuka. Rahoton hukumar kashe gobara ta Mawi na Oktoba 2024 ya nuna cewa wayoyin lantarki da suka tsinke ne suka tada wuta da safe. An ɗauka an kashe ta, sai ta sake ruruwa da rana, ta afka cikin gari. Ba a kunna jiniyar gargaɗi ba.

Buɗe ƙofa bayan wata biyu

Kwanakin farko hukumomi sun roƙi baƙi su kaurace wa tsibirin, suka kuwa kaurace. Nan take wata matsalar ta kunno kai. Mawi gunduma ce mai mutum kusan 165,000, amma a 2022 ta karɓi baƙi kusan miliyan uku. Da jirage suka fara sauka ba fasinja, sai masu dafa abinci, da masu gyaran ɗakunan otal, da direbobi suka rasa aiki. Da yawansu su ne dai waɗanda gidajensu suka ƙone. Jama'a suka shiga halin gaba kura baya sayaki.

Gwamna Josh Green ya sanar cewa za a sake buɗe yammacin Mawi ranar 8 ga Oktoba, wata biyu cif bayan gobarar. Ƙungiyar mazauna garin mai suna Lahaina Strong ta kai masa takardar koke mai sa hannun dubban mutane, tana neman a jinkirta. Hujjarsu ita ce mutane suna cikin zaman makoki, yara ba su daidaita da makaranta ba, ga kuma ma'aikacin da za a ce ya yi wa baƙo murmushi alhali baƙon yana tambayarsa yadda gidansa ya ƙone. Duk da haka an buɗe daki-daki, zuwa 1 ga Nuwamba an gama, ban da yankin da wuta ta ci.

Ɗaki ɗaya, masu nema biyu

Kimanin mutum 8,000 aka tsugunar a otal-otal da gidajen hutu, galibi a Kaʻanapali da ke arewa da Lahaina. Da baƙi suka fara dawowa, sai aka riƙa ɗage iyalai daga wannan otal zuwa wancan. A watan Nuwamba 2023 'yan Lahaina Strong suka kafa tantuna a bakin tekun Kaʻanapali, a gaban manyan otal-otal, suka jefa ƙugiyoyinsu cikin ruwa. Sun fake ne da 'yancin kamun kifi da doka ta amince wa 'yan asalin Hawayi, wanda ya ba su damar kwana a wurin. Sun zauna har watan Mayu 2024, buƙatarsu guda: a mayar da gidajen hayar kwanaki su zama gidajen zama.

Nan ne gizo ke saƙar. A Mawi akwai gidaje kusan 7,000 da ke unguwannin da aka keɓe don mazauna, amma wani tsohon sassauci na doka ya bar masu su suna ba baƙi haya ta kwana-kwana. Akasarin masu waɗannan gidaje ba a tsibirin suke zaune ba. Hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ta kama wasu haya da tsada domin ta tsugunar da waɗanda abin ya shafa, kuɗin haya kuwa ya ƙara tashi a ko'ina. Masanan Jami'ar Hawayi sun ƙiyasta cewa aƙalla mutum 1,000 sun bar Mawi sanadiyyar gobarar.

Tafiyar aikin gini

Kafin a aza tubali sai da aka kwashe toka mai guba. Rundunar injiniyoyin sojan Amurka ta gama share filayen gidajen zama a Agusta 2024, aka jibge ɓaraguzan na wucin gadi a Olowalu. Gidan farko da aka sake ginawa a Lahaina bai kammalu ba sai a Nuwamba 2024, wata 15 bayan gobarar. Kayan gini ta teku suke zuwa, magina sun yi ƙaranci, kuɗin inshora kuma sau da yawa bai kai kuɗin sabon gini ba. A Agusta 2024 aka cimma sulhun biyan diyyar dala biliyan 4, kamfanin lantarki na Hawaiian Electric ya ɗauki kusan rabi.

Dokokin da suka biyo baya

A Mayu 2024 jihar ta ba gundumomi ikon soke hayar kwanaki. Magajin garin Mawi, Richard Bissen, ya gabatar da ƙudurin janye izinin waɗancan gidaje 7,000 sannu a hankali. Masanan Jami'ar Hawayi sun yi lissafin cewa matakin zai karya farashin gidaje, amma zai rage kuɗin da baƙi ke kashewa da kusan dala miliyan 900 a shekara, ya kuma ci guraben aiki kusan 1,900. Ke nan kowane ɓangare yana da abin da zai rasa.

A Mayu 2025 kuma aka ƙara harajin kwanan otal zuwa kashi 11 cikin ɗari daga farkon 2026. Ana sa ran ƙarin zai kawo kusan dala miliyan 100 a shekara, don ayyuka irin su share busasshiyar ciyawa da kare gaɓar teku.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa an dawo da baƙi cikin wata biyu, gidan farko kuwa sai da ya ɗauki fiye da shekara. Wannan tazara ita ta kori mutane daga garinsu. Kuɗin baƙi ya riƙe albashin dubban ma'aikata, don haka rufe tsibirin na dogon lokaci da ya ƙara wa mutane wahala. Kuskuren shi ne sa ranar buɗewa tun kafin a tabbatar wa kowane iyali wurin zama mai ɗorewa. Maƙalar tana ba da shawarar cewa duk yankin da ya dogara da yawon buɗe ido ya tanadi dokar da za ta mayar da gidajen hayar kwanaki matsugunin jama'a da zarar annoba ta auku, kuma hukumomi su riƙa auna farfaɗowar Lahaina da yawan iyalan da suka koma gidajensu.