Daga Goruba Zuwa Tuffa: Baƙuwar da Ta Shiga Ledar Dubiya

A zamanmu na wannan wata wani dattijo ya yi tambaya: mai ciwon siga zai iya cin tuffa? Na ga ya dace mu waiwayi tarihi kafin mu amsa.

Duk wanda ya taso a Potiskum shekaru talatin baya ya san kayan marmarinmu: goruba, magarya, aduwa, kanya da ɗinya, sai mangwaro da gwaba idan lokacinsu ya yi. Tuffa kuwa a littafin makaranta muka fara ganin hotonta. Asalinta daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, wajen ƙasar Kazakistan ta yau, inda har gobe kakanninta ke tsirowa a daji. Fatake ne suka yi ta kai irinta yamma har ta isa Turai. Itaciya ce mai son sanyi, shi ya sa ba ta yi a ƙasarmu. Yawancin wadda muke gani a tire a bakin tasha daga Afirka ta Kudu ake shigo da ita, kaɗan kuma ake nomawa a tsaunin Jos.

Shi ma maganin ciwon siga yana da nasa tarihin. A 1921 Banting da Best suka gano insulin a birnin Toronto na Kanada, aka fara yi wa mutum allurarsa a Janairun 1922, shekara biyu kafin fadar Sarkin Fika ta dawo Potiskum a 1924. Kafin nan likitocin Turai da Amurka rage abinci kawai suke yi wa marar lafiya har ya rame, yaran da suka kamu kuma ba sa daɗewa. Da akwai ɗan itacen da ke warkar da wannan ciwo, ai da Turawa, masu gonakin tuffa a bayan gida, ba su sha wannan wahala ba.

A nan kuskurenmu yake. Saboda tsadarta da baƙuncinta, mun ɗauke ta kamar magani. Za a je dubiya da leda cike, majinyaci ya ci uku a zama ɗaya. Na san gidan da aka ajiye ƙwayoyin asibiti aka koma tuffa da jiƙe-jiƙe, ƙarshenta sai da aka kwantar da mutumin.

Gaskiyar magana, matsakaiciyar tuffa tana ɗauke da siga kusan giram 19, wato kusan ƙaramin cokali biyar. Abin da ya taimake ta shi ne zare-zaren da ke cikin ɓawonta da tsokarta, kimanin giram 4, waɗanda ke rage saurin shigar siga cikin jini. Don haka mai ciwon siga zai iya cin ƙarama guda ɗaya, ya wanke ta ya ci da ɓawonta, in da hali da ɗan gyaɗa. Ruwanta na kwali ko wanda aka tace kuwa a bar shi, domin siga ya rage, zaren ya tafi. Wanda ke da na'urar gwaji ya auna bayan awa biyu, ya nuna wa likitansa. Wanda ba shi da kuɗin tuffa bai yi asara ba, gwaba da yalo suna nan a kasuwa.

Ranar 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting, ita ce ranar ciwon siga ta duniya. Mu yi ƙoƙari kowa ya je gwaji, ya kai iyayensa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.

Sakataren Ƙungiya