Kanal Babu Jirgi: Tarihin Tafiyar Ruwa a Kudancin Kano

Kalmar “jirgi” a asalinta ta ruwa ce. Da Bahaushe ya ga abin da ke gudu a kan dogo sai ya kira shi jirgin ƙasa, da ya ga mai tashi kuma ya ce jirgin sama. Duk da haka, a ƙasar Kano jirgin na asali shi ne baƙo. Matafiyin da ya taso daga Tudun Wada ya nufi birni zai ratsa kanal-kanal cike da ruwa a wajen Kadawa da Kura, amma ba zai ga jirgi ko ɗaya a kansu ɗauke da kaya ko fasinja ba. Dalilin hakan yana cikin tarihi, kuma saninsa ya shafi rayukan mutane a yau.

Sai an dubi inda aka haƙa kanal domin jirgi sannan bambancin zai fito. A Ingila, a 1761, aka buɗe kanal ɗin Bridgewater don kai gawayin kwal daga Worsley zuwa Manchester, farashinsa ya faɗi da kusan rabi. Doki ɗaya, yana tafe a gefe da igiya, yakan ja jirgi mai ɗauke da tan 30. Inda ƙasa ta yi tudu sai a gina wani ɗaki na ruwa mai ƙofa biyu: jirgi ya shiga a rufe, a cika ruwa ya ɗaga shi, ko a rage ya sauke shi. Ƙuncin waɗannan ɗakuna ne ya sa jiragen suka zama sirara, faɗinsu kimanin ƙafa bakwai. Daga 1830 jirgin ƙasa ya fara ƙwace kasuwarsu, yau kuwa masu hutu da yawon buɗe ido ne suka gaje su.

Kano ba ta bi wannan hanya ba, domin kogunanta ba su ba da dama ba. Kogin Kano, wanda ke gangarowa daga tsaunukan kudu ya ratsa dajin Falgore, da Kogin Challawa da suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, na damina ne. A da sukan cika su tumbatsa a watan Agusta, da rani kuwa su koma yashi. Shi ya sa arzikin Kano ya tashi a bayan jaki da takarkari da raƙumi. Ga fatake, kogi shinge ne da ake jira ya janye, ko a biya masu fito su tsallakar da ayari.

Turawan mulkin mallaka sun so su haɗa Kano da ruwa, sai dai ta hanyar dogo. A 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, aka fara shimfiɗa layi daga Baro da ke bakin Kogin Kwara, ya iso Kano a 1911. Nufin shi ne jirgin ƙasa ya kai kaya Baro, jirgin ruwa ya ƙarasa da su bakin teku. Amma layin Legas ya zo ya haɗe da shi a Minna, kuma da aka kammala gadar Jebba a 1916, gyaɗar Kano ta samu hanya kai tsaye zuwa Legas. Baro ta dushe. Ko tashar da aka ƙaddamar a can a Janairun 2019 ba ta maido da wancan ciniki ba.

Kanal ya zo Kano ne a makare, kuma da wata manufa daban. Gwamnatin Audu Bako ta gina dam ɗin Tiga tsakanin 1971 da 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Daga nan ruwa ke gangarowa da kansa, ba tare da inji ba, ya bi ta Ruwan Kanya zuwa gonakin Kadawa, Kura, Garun Malam da Bunkure, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama’are da aka kafa a 1976. An haƙa waɗannan kanal-kanal ne domin shinkafa da alkama da tumatir. Gadojinsu gajeru ne, ƙofofinsu na raba ruwa ne, babu ɗakin ɗaga jirgi ko ɗaya.

Sai dai dam ya haifar da abin da masu tsara shi ba su sa a lissafi ba. Tafkin Tiga ya mamaye fili kimanin murabba’in kilomita 178, ya tashi dubban mutane, ya kuma shafe hanyoyin ƙafa da ke haɗa ƙauyuka da kasuwanni. Inda ake tafiya a kan jaki sai ya zama ko dai dogon zagaye ko kwale-kwale. Haka ta faru a sauran madatsun jihar. Al’ummar da ba ta gaji tuƙi ba ta wayi gari da sufurin ruwa, alhali ba ta da irin tsarin sarakunan ruwa da mutanen Yawuri da Nufawa suka daɗe da shi a kan Kwara.

An ga sakamakon a ranar 30 ga Nuwamba 2021, a dam ɗin Watari da ke Bagwai, arewa maso yammacin birni. Jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife da mutanen ƙauyen Badau a kan hanyarsu ta zuwa Mauludi, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta tana Lakwaja, nesa da gaɓar Tiga. Abin da zai kare fasinja a nan yana hannun jiha da ƙananan hukumomin Bebeji da Tudun Wada da masu unguwanni: a yi wa jirage rajista, a rubuta adadin da kowanne zai ɗauka a jikinsa, a tanadi rigunan ceto a mashiga, a hana fito bayan magariba. Shekara hamsin ke nan da cikar Tiga. Ruwan ya daina zama baƙo, ya kamata dokarsa ta iso.